Sababbin kundaye suna shiga Fedora amma ba sa fitowa a binciken Solr

Nura:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa riƙe Fedora Commons zubi na uku, manhajar adana takardun dijital, tare da GSearch, mai kai bayanansu ga injin bincike na Solr. A ɗakin karatun da nake aiki muna da rumbun ajiya da aka gina a kan Islandora 7, wato fuskar da masu amfani suke gani a yanar gizo, ƙarƙashinsa akwai Fedora 3.8.1 da GSearch da Solr, dukkansu a cikin Tomcat guda, manhajar da take gudanar da su, a kan saba ɗaya. A ciki muke adana kundayen digiri da hotunan tsofaffin rubuce-rubucen ajami da na Larabci. Tun bayan wata doguwar ɗaukewar wuta da aka yi, wadda ta kai har batura suka ƙare sabar ta mutu, duk abin da aka shigar sabo ba ya fitowa idan an neme shi ta akwatin bincike. Abin yana nan a Fedora, ana buɗe shi da lambar shaidarsa ta PID, kuma ana ganinsa idan aka shiga tarin da aka saka shi, amma Solr bai san da zamansa ba. Gyaran da ma'aikata suke yi wa tsofaffin bayanai, kamar gyara sunan marubuci, shi ma ba ya sauya komai a sakamakon bincike. Na sake kunna Tomcat, na tabbatar akwai wuri a faifai, kuma Solr yana amsa tambaya lafiya. Kafin in rushe fihirisar Solr in sake gina ta daga tushe, wanda aiki ne mai cin lokaci a irin na'urarmu, ina so in ji ta inda ya kamata in fara.

Injiniya Hauwa:
Wa alaikumus salam, Malam Nura. Ina roƙonka kada ka taɓa fihirisar tukuna, domin idan ka sake gina ta yau komai zai fito, ka ɗauka an warke, sa'an nan abin da aka shigar gobe ya sake ɓacewa. Matsalar tana kan hanyar da labari yake bi daga Fedora zuwa Solr, kuma hanyar tana da zango huɗu. Duk lokacin da aka shigar da abu, ko aka gyara shi, ko aka goge shi, Fedora yana fitar da ɗan gajeren saƙo a tsarin Atom mai ɗauke da sunan aikin da aka yi da lambar PID. Dillalin saƙonni, wato ActiveMQ, shi yake karɓar saƙon ya watsa shi ƙarƙashin sunan `fedora.apim.update`. GSearch yana sauraro a wajen, idan saƙo ya zo sai ya koma Fedora ya ɗauko FOXML na abin, wato fayil ɗin da Fedora yake adana bayanansa a ciki, ya bi da shi ta XSLT, rubutun da yake juya shi zuwa tsarin da Solr yake karɓa. Daga nan sai ya miƙa wa Solr takardar da ta fito. Ganin da kake yi wa abin a cikin tari ba hujja ba ce, domin Islandora 7 a saitinsa na asali yana jera abubuwan tari ne daga Resource Index, wata fihirisa ta cikin Fedora, Solr ba ya cikin wannan lissafi.

Ga gwajin da zai raba mana hanyar gida biyu. Ka zaɓi abu ɗaya cikin waɗanda suka ɓace, ka buɗe `/fedoragsearch/rest?operation=updateIndex&action=fromPid&value=` ka ɗora lambarsa a ƙarshe, ka shiga da sunan `fgsAdmin` ko wanda aka saka muku. Wannan kiran yana tsallake saƙonni gaba ɗaya. Idan abin ya fito a bincike bayansa, to zango biyu na ƙarshe lafiya suke, kuma ciwon yana tsakanin Fedora da kunnen GSearch.

Nura:
Na gode ƙwarai, Injiniya. Na gwada da wani kundin digiri da aka shigar bayan dawowar wuta, kuma nan take ya fito a bincike, da takensa da sunan marubucinsa da ma rubutun cikin PDF ɗin. Na kuma gyara bayanin wani tsohon abu na jira, gyaran bai fito ba sai da na kira shi da hannu.

Malam Bashir:
Madalla, an rage mana aiki. Malam Nura, ka buɗe `fedora.fcfg`, ka nemo sashen Messaging, ka gaya mana abin da ke gaban `enabled` da kuma abin da ke gaban `java.naming.provider.url`. A saitin da Fedora yake zuwa da shi za ka ga `vm:(broker:(tcp://localhost:61616))`, ma'anarsa dillalin yana zaune ne a cikin jikin Fedora, yana tashi idan Fedora ya tashi, yana mutuwa idan ya mutu. A ƙasan fayil ɗin kuma akwai `apimUpdateMessages`, ka duba sunan da aka ba shi da kuma ko `type` ɗinsa `topic` ne. Bayan haka ka shiga saitin GSearch, cikin `updater/FgsUpdaters/updater.properties`, ka kwatanta adireshi da suna harafi da harafi, ka kuma tabbatar cewa a `fedoragsearch.properties` layin `fedoragsearch.updaterNames` ba a toshe shi ba. Na taɓa ganin wurin da aka sake girka Fedora aka amsa tambayar saƙonni da a'a ba tare da an lura ba, komai yana aiki sai fihirisa kaɗai ta tsaya.

Nura:
Allah ya ƙara girma, Malam. `enabled` yana kan `true`, sunan kuma `fedora.apim.update` ne a ɓangarorin biyu, kuma `topic` ne. Bambancin da na gani shi ne wanda ya kafa rumbun bai bar `localhost` ba, ya sa adireshin IP na sabar a duka fayilolin biyu. A na GSearch an rubuta shi cikin `failover:(tcp://…:61616)`, sai `client.id`, sunan da yake gabatar da kansa da shi ga dillali, da yake `fedoragsearch0`. Ƙofa ta 61616 tana buɗe, Java ne yake riƙe da ita.

Sadiya:
Ni ina zargin tsarin tashi ne. Tunda dillalin yana cikin Fedora, kuma Tomcat bai yi alkawarin wanda zai fara tayarwa tsakanin manhajojin da ke cikinsa ba, yana yiwuwa GSearch ya riga Fedora farkawa, ya ƙwanƙwasa ƙofar ya tarar babu kowa, ya haƙura. Mun sha fama da wannan a wajenmu bayan kowace ɗaukewar wuta, kuma maganin da muka riƙa yi shi ne a bar Fedora ya gama tashi sarai, sa'an nan a sake loda GSearch shi kaɗai ta shafin gudanarwa na Tomcat.

Injiniya Hauwa:
Abin da Malama Sadiya ta faɗa yana faruwa sosai, kuma da adireshin `tcp://` ne tsagwaronsa da ni ma a nan zan tsaya. Amma kalmar `failover` da Malam Nura ya gani aikinta ke nan, ta ci gaba da neman dillalin har ya samu, saboda haka rigayen tashi bai kamata ya kashe sauraron dindindin ba. Akwai abu biyu da nake so a duba. Na farko, a `fedoragsearch.daily.log`, wato kundin da GSearch yake rubuta ayyukansa da kurakuransa, kada ka nemi lokacin da aka shigar da kundi, domin wanda ba ya sauraro ba zai rubuta komai a lokacin ba. Ka koma daidai mintunan da Tomcat ya tashi, ka nemi duk layin da ya ambaci `UpdateListener` ko `JMS` (tsarin aika saƙonni na Java), ka kuma leƙa `catalina.out` na wannan lokaci. Na biyu, ka buga `netstat -tnp` ko `ss -tnp` ka tace da 61616, ka karanta mana adireshin duk wanda yake haɗe da ƙofar a yanzu. Buɗewar ƙofa daban, sanin wanda ya shiga ta cikinta daban.

Nura:
Injiniya, kin kai mu wurin. A lokacin tashi akwai wannan layi: `javax.jms.InvalidClientIDException`, sai bayanin cewa `Client: fedoragsearch0 already connected from`, sai wani adireshi da ba na sabarmu ba. Shi ne kuma adireshin da `netstat` ya nuna a haɗe. Na bi sawunsa, na tarar na wata saba ce ta gwaji da sashen kwamfuta ya kwafa daga tamu ɗungurungum a watannin baya domin shirin sabunta manhajoji. An sauya mata suna da IP, amma `updater.properties` ɗinta yana nan yadda yake, yana nuna sabar gaske da sunan `fedoragsearch0`. Na shiga kundin GSearch na can, na tarar cike yake da kurakurai a kan lambobin PID na kundayen da muka shigar a nan, waɗanda ba su taɓa shiga rumbun gwajin ba. Abin da ban gane ba shi ne dalilin da ya sa matsalar ba ta fara tun ranar da aka yi kwafin ba.

Malam Bashir:
Dalilin a fili yake idan aka tuna da ƙa'idar JMS, wadda ta hana haɗi biyu su riƙe `client.id` ɗaya a wajen dillali guda a lokaci guda. Wanda ya riga shi ne mai suna, na biyu a kore shi. Ranar da aka yi kwafin, GSearch na gaske ya riga ya zauna a kan sunan, saboda haka na gwajin ne aka kora, kuma babu wanda ya damu ya karanta kundinsa. Da wuta ta ɗauke duka biyun suka mutu, da ta dawo sabar gwaji, wadda nake kyautata zaton ta fi sauƙin kaya, ta riga tashi ta tsaya a bakin ƙofa da `failover` ɗinta. Fedora na gaske yana buɗe 61616 ta shige, kafin GSearch na gida ya gama lodi. Shi ya sa sake kunna Tomcat bai yi maka amfani ba, domin duk lokacin da dillalin ya dawo, baƙon ne yake fara komawa.

Gyaran sai a bi shi da tsari. Ka tsayar da Tomcat na sabar gwaji, ka mayar da adireshinta zuwa `localhost`, ka ba ta wani `client.id` nata na kanta. Ka bincika sauran fayilolinta ma, musamman `repository.properties` da `index.properties`, domin idan ɗaya ya zo da adireshin sabar gaske, babu mamaki akwai wani. Sa'an nan ka sake kunna ta gaske, ka ga ko kuskuren ya ɓace. Akwai kuma abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. Wata na'ura ta iya haɗuwa da dillalinku ba tare da an tambaye ta kalmar sirri ba, wato duk wanda yake kan layin intanet na makarantar zai iya. A watan Oktoba na 2023 an bayyana ɓarakar CVE-2023-46604 a OpenWire, wanda shi ne harshen da ake magana da shi a wannan ƙofa ta 61616, kuma tana ba maharin da ya isa ƙofar damar gudanar da umarni a kan na'urar. An toshe ta a ActiveMQ 5.15.16 da 5.16.7 da 5.17.6 da 5.18.3, alhali Fedora 3.8.1 na 2015 ne, wanda yake ɗauke da shi a ciki ya girmi dukkan waɗannan. Tunda GSearch da Fedora a saba ɗaya suke, ka mayar da adireshin `localhost` a fayilolin biyu, ka kuma rufe ƙofar daga waje da katangar tsaro yau ɗin nan.

Nura:
An yi duka, Malam, Allah ya saka da alheri. Kuskuren ya ɓace, na shigar da abin gwaji ya fito a bincike da kansa, na goge shi ya fita da kansa. Saura abubuwan da aka yi a tsakanin nan. Shin saƙonninsu za su biyo baya, ko sun tafi ke nan?

Injiniya Hauwa:
Sun tafi. Shi `topic` kamar sanarwar gidan rediyo yake, wanda bai kunna akwatinsa a lokacin ba ta wuce shi, sai dai idan ya yi rajistar sauraro mai ɗorewa, wadda take sa dillali ya ajiye masa saƙo har ya dawo. A naku lamarin ko da rajistar mai ɗorewa ce ba za ta cece ku ba, domin da sunan `fedoragsearch0` aka yi ta, kuma mai wannan suna ya karɓi saƙonnin ya amsa cewa sun iso. A wajen dillali an gama isarwa, babu sauran bashi.

Sadiya:
To tunda an gano tushen, ni a ganina yanzu ne lokacin sake gina fihirisar gaba ɗaya da `action=fromFoxmlFiles`. A sa shi da yammacin Juma'a, a bar shi ya yi ta aiki, a huta da tunanin wane ne ya shiga wane ne bai shiga ba. Zaɓen abubuwa ɗaya-ɗaya yana barin ƙofar mantuwa a buɗe.

Malam Bashir:
Malama Sadiya, ban ƙi sake ginawa ba, amma akwai ramin da ya kamata a gani kafin a taka. `fromFoxmlFiles` yana bin abubuwan da suke cikin rumbu ne a yanzu, yana ƙara su ko ya sabunta su. Abin da aka goge daga Fedora a lokacin da kunne yake toshe ba shi da fayil da za a bi, don haka takardarsa za ta ci gaba da zama a Solr, mai bincike ya gan ta, ya danna, ya tarar babu komai. Sai an fara share fihirisar kafin a rabu da irin waɗannan, kuma sharewar tana nufin ɗalibai za su zauna da bincike rabi-rabi har aikin ya ƙare, a wurin da wuta za ta iya ɗaukewa a tsakiyar aikin.

Wanda ya fi gogewa nauyi a wurina shi ne ɓoyewa. Mu duka mun fi lura da abin da ya kamata ya fito bai fito ba, saboda mai kundi yana zuwa ya yi ƙorafi. Amma ka ɗauka a wannan tsakanin an mayar da wani kundi `Inactive` saboda ana binciken zargin satar fasaha a kansa, ko iyalan da suka ba da aron wani rubutun kakanninsu sun nemi a janye shi daga idon jama'a. Ma'aikaciya ta yi abin da aka ce, Fedora ya ɓoye, ita ta tafi da yaƙinin an gama. Solr kuwa yana nan yana nuna take da suna, kuma idan an zuba cikakken rubutu a fihirisa, har guntayen abin da ke ciki zai iya nunawa. Babu wanda zai zo ya ce muku abin da kuka ɓoye yana bayyane, sai ranar da mai shi ya gani da idonsa. Malam Nura, kafin komai ka tambayi ma'aikatanku jerin abin da suka goge ko suka ɓoye tun ranar ɗaukewar wutar, ka cire su da `action=deletePid`. Ka kuma karanta `foxmlToSolr.xslt` ɗinku ka ga abin da yake yi da abu wanda ba `Active` ba, domin akwai wanda yake tsallake shi kawai, akwai wanda yake aika wa Solr umarnin gogewa, kuma na biyun ne kuke bukata.

Injiniya Hauwa:
Na goyi bayan Malam Bashir, sai dai ba zan dogara da tunanin ma'aikata kaɗai ba. A bar na'urorin biyu su faɗi abin da ke cikinsu, a kwatanta. Daga Solr ka fitar da jerin lambobi da `q=*:*&fl=PID&wt=csv`, ka ɗaga `rows` ya wuce yawan abubuwanku, ka haɗa da filin ranar gyara ta ƙarshe, wanda a yawancin saitin Islandora sunansa `fgs_lastModifiedDate_dt`. Daga Fedora ka fitar da irin wannan jeri ta `risearch` ko ta `findObjects`, da lamba da hali da ranar gyara. Ka jera su da `sort`, ka kwatanta da `comm`. Abin da ke Fedora babu shi a Solr sai a tura shi da `fromPid`. Abin da ke Solr babu shi a Fedora, ko halinsa ya sauya, sai a cire shi. Abin da ke duka biyun amma ranar Fedora ta fi sabunta, shi ma a sake tura shi. Ɗan rubutun `bash` da `curl` ya isa, kuma idan wuta ta katse shi, daga inda ya tsaya za a ci gaba.

Issoufou:
Gaisuwa daga Damagaram. Ni DSpace, wata manhajar rumbun ajiya daban, nake riƙe da shi, kuma ina bin wannan tattaunawa da sha'awa domin a wajenmu babu dillali a tsakani. Manhajar da kanta take sanar da Discovery, sashenta na bincike, idan abu ya sauya, idan kuma aka sami saɓani sai mu buga `index-discovery`, ko mu ƙara masa `-b` ya sake gini daga tushe. Duk da haka saɓanin yana faruwa, musamman idan Solr ya mutu a lokacin da ake shigar da kaya masu yawa, ko wani ya taɓa rumbun bayanai kai tsaye. Shawarar Injiniya ta kwatanta jeri biyu zan ɗauke ta in yi amfani da ita a nan.

Abdulƙadir:
Ina neman afuwa idan na fita daga layi kaɗan, amma Fedora 3 an daina kula da shi da daɗewa, Islandora 7 kuma yana kan Drupal 7 wanda tallafinsa ya ƙare a Janairun 2025. Ni a ganina ƙarfin da ake zubawa a gyaran GSearch gara a zuba shi a ƙaura zuwa Fedora 6.

Malam Bashir:
Gaskiya ka faɗa game da tsufan kayan, kuma sabar gwajin da ta jawo wannan duka ai don shirin sabuntawa aka kafa ta. Amma ƙaura aikin watanni ne da kasafin kuɗi, ɗalibai kuwa a makon nan suke neman kundaye. Sa'an nan kada a ɗauka sabon gida ba shi da wannan hanya. Fedora 6, wanda ya fito a 2021 da tsarin ajiya na OCFL, har yanzu saƙo yake fitarwa ta ActiveMQ, kuma masu son Solr suna sa Camel Toolbox ko makamancinsa ya saurara. Wanda ya iya bin sawun saƙo a nan, can ma da wannan ilimin zai yi aiki.

Nura:
Ga inda aka kwana. Kwatancen ya fitar da abubuwa masu yawa da ba su shiga ba, da wasu kaɗan da aka goge amma suna nan a Solr, da kundi guda da aka ɓoye wanda har lokacin yake fitowa a bincike. Shi na fara cirewa, kuma na sanar da shugabar sashe. Na tura sauran da `fromPid`, kusan duka sun shiga. Waɗanda suka ƙi duk daga tarin rubuce-rubucen hannu suke, kuma abin mamaki wasunsu an shigar da su tun kafin ɗaukewar wutar, wato ba su taɓa shiga fihirisa ba sam. A kundin Solr, daidai lokacin da na tura ɗaya daga ciki, an rubuta `Invalid Date String`, sai abin da mai kundin bayanai ya sa a gurbin kwanan wata, wato "1325 H". Wani kuma an rubuta masa "wajen 1950".

Injiniya Hauwa:
Wannan ciwo na biyu ne daban, na farkon ne ya sa aka tono shi. Filin kwanan wata a Solr ba ya karɓar komai sai cikakken tsari irin `1950-01-01T00:00:00Z`, kuma idan fili ɗaya ya saɓa, takardar gaba ɗaya yake mayarwa, ba filin kaɗai ba. XSLT ɗinku yana kwashe abin da ke cikin kwanan watan MODS, tsarin da ake rubuta bayanan kowane abu da shi, yana zuba shi kai tsaye a filin da ya ƙare da `_dt`. Kundayen digiri suna wucewa saboda an rubuta nasu a tsarin da ya dace, rubutun hannu kuma suna faɗuwa. A irin wannan hali saƙo ya iso lafiya, GSearch ya yi aikinsa, an ƙi karɓa a ƙofar ƙarshe, kuma wanda ya shigar da abin bai ga ko alamar kuskure a allonsa ba, domin Fedora ya riga ya ce masa an adana.

Sadiya:
Mafi sauƙi shi ne a umarci masu kundin bayanai su gyara waɗannan kwanakin su koma tsarin da na'ura take so, a kuma hana rubuta irin wannan nan gaba.

Nura:
A nan kam ban yarda ba, Malama. Mai kwafin littafin shekarar hijira ya rubuta a ƙarshen aikinsa, kuma abin da ke jikin takarda shi ne bayanin da mai nazari yake bukata. "Wajen 1950" ma gaskiya ce aka faɗa, domin ba a san ranar ba. Idan muka tilasta wa ma'aikaci ya rubuta 1 ga Janairu don Solr ya karɓa, mun sa shi ya ƙirƙiri ranar da babu ita, kuma bayan shekaru wani zai ɗauke ta a matsayin hujja.

Malam Bashir:
Malam Nura yana da gaskiya, kuma MODS ya riga ya tanadi mafita. Ana iya maimaita kwanan wata: ɗaya a bar shi yadda yake a jikin takarda, ɗaya kuma a rubuta shi da `encoding="w3cdtf"` da `keyDate="yes"`, a ƙara `qualifier="approximate"` idan kintace ne. Sai a gyara XSLT ya riƙa zuba na farkon a filin rubutu domin nunawa da nema, ya ɗauki na biyun kaɗai ya cika shi zuwa tsarin Solr domin jerawa, kuma idan babu na biyun ya bar filin `_dt` babu komai maimakon ya jefar da takardar. A tuna shekarar hijira ɗaya takan faɗa cikin shekarun miladiyya biyu, saboda haka wanda zai yi juyin ya yi amfani da `point="start"` da `point="end"` idan ba a ambaci wata ba.

Abdulƙadir:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Da an mayar da `type` ɗin ya zama `queue`, ba a huta da ɓatan saƙo ba?

Injiniya Hauwa:
An rage wani, an buɗe wani. `queue` yana riƙe saƙo har mai karɓa ya zo, wannan gaskiya ne, amma kowane saƙo mutum ɗaya yake samunsa. Da sabar gwajin nan ta haɗu da wani suna daban a kan `queue`, da dillalin ya riƙa raba saƙonnin tsakaninsu, wannan ya samu wancan ya samu, sai a wayi gari wasu kundaye suna fitowa wasu ba sa fitowa ba tare da wani kuskure a kundi ba, kuma gano wannan ya fi wuya nesa ba kusa ba. Idan kuma akwai wata manhaja da take sauraron saƙonnin domin wani aiki, za su riƙa ƙwace wa juna. Rajista mai ɗorewa ita ma tana da nata nauyin, domin idan mai ita ya tafi bai dawo ba, saƙonni suna taruwa har ma'ajin dillali ya cika, ActiveMQ ya fara tsayar da mai aikawa, shigar da kaya a Fedora ya soma jan ƙafa. Abin da nake ba da shawara ga wuri irin naku shi ne a bar `topic`, a kulle ƙofar, sa'an nan a sa rubutun kwatancen nan a `cron`, mai tayar da aiki a lokacin da aka tsara, ya riƙa gudana kowane dare yana aika imel idan jerin biyu sun saɓa.

Nura:
Na gyara XSLT yadda Malam Bashir ya tsara, na fara gwada shi a sabar gwaji, sa'an nan na kawo shi ta gaske na sake loda GSearch. Rubuce-rubucen hannun duk sun shiga, kuma kwatancen da na sake yi da safiyar nan ya fito babu saɓani a kowane ɓangare. Na sa shi a `cron` da ƙarfe biyu na dare, na kuma ƙara masa layin da zai duba ko akwai haɗi daga GSearch zuwa 61616. Na rubuta wa sashen kwamfuta jerin fayilolin da za a sauya kafin a kunna duk wani kwafi na sabar nan gaba. Aikin ƙara kwanan wata na biyu a bayanan MODS zai fara ranar Litinin in Allah ya yarda, daga tarin ajami. Injiniya, idan babu damuwa zan turo miki rubutun `bash` ɗin ki duba mini sashen da yake cire abubuwa daga Solr kafin in bar shi ya riƙa cirewa da kansa, a yanzu rahoto kawai yake aikawa.